Kwalin allurar da na mayar

Shekara bakwai da aurena, Allah bai kawo rabo ba tukuna. Duk wadda ta zauna a Zango ta san yadda abin yake: kin je gidan suna a unguwar Aboabo ta Kumasi, sai an kalli cikinki kafin a kalli fuskarki.

Bara likita ya ɗora ni a kan clomiphene, maganin da ke taimaka wa ƙwan mace ya fito, ƙwaya ɗaya mai miligiram 50 kullum har kwana biyar. Da aka yi hoton mahaifa ya ce ƙwai ya ƙosa, a yi mini allurar hCG a daren nan, don wajen awa 36 bayan allurar ne ƙwan ke fitowa. Ta asibitin ta ƙare. Na shiga gari da takardata, shago uku babu, sai a na huɗu yaron shagon ya ciro kwali daga firij, ya naɗe a baƙar leda da ƙanƙara. Na biya, na ja mayafi, na yi sauri na hau torotoro, ƙaramar motar haya, kamar wadda ta sato abu.

Sai da na isa gida na duba. Ni tela ce, idona ya saba gane ɗinkin da aka farke aka mayar. 'Yar takardar da aka manne bakin kwalin da ita ta ɗan karkace, gefenta ya ɗago, ga ƙura ta maƙale a jikin gam ɗin, ga kuma shatin inda ta fara zama. Na fito da kwalbar na haska da fitilar waya. Lambar rukuni da ke jikin kwalba daban, ta jikin kwali daban. Ranar lalacewar ma ba su zo ɗaya ba.

Wallahi na fi minti ashirin zaune a bakin gado ina lallashin kaina in rufe ido a yi mini. Wata guda na wahala, ga kuɗin hoto, ga lokaci yana tafiya. Maigida ne ya karɓe kwalin daga hannuna ya ce, "Tashi mu koma."

Mai shagon bai yi musu ba. "Hajiya, ai buɗewa muke yi, ba kowa ke iya sayen kwali sukutum ba. Wataƙila yaro ne ya haɗa na wannan da na wancan." Mai yiwuwa gaskiya ya faɗa. To amma tunda an buɗe, wa zai shaide ni a kan abin da ke ciki? Farin gari ne a kwalba, gishiri ma fari ne. Ya mayar mana da kuɗinmu, watan kuma ya tafi a banza. Washegari maigida ya kai hotunan da na ɗauka ofishin FDA na Kumasi, hukumar kula da abinci da magunguna ta Ghana.

Daga baya na bi diddigin wannan manne-mannen. A 1982 aka zuba guba a cikin maganin ciwon kai Tylenol a Chicago ta Amurka, mutum bakwai suka mutu, daga nan aka wajabta rufe magani ta yadda in an taɓa zai nuna. Nunawa kawai yake yi, ba ya hana buɗewa, kuma sai in mai saye ya duba. Masu jabu su ma sun iya buga takardar mannewa. Shi ya sa ɗan ƙasarmu Ghana, Bright Simons, ya kafa mPedigree a 2007, ki kankare lamba a jikin kwali ki tura ta saƙon waya a gaya miki ko na gaske ne. Nawa kwalin ba shi da abin kankarewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2017 kusan ɗaya cikin goma na magungunan ƙasashe irin namu jabu ne ko marasa inganci.

Akwai kuma abin da ko rufin da ba a taɓa ba bai san da shi ba. Takardar cikin kwalin ta ce a ajiye tsakanin digiri 2 zuwa 8. Firijin shagon nan kwana nawa ya yi a kashe lokacin dumsor, wato yawan ɗauke wuta? Wata ƙawata ma daga Turai ake aiko mata da nata, an cire kwalin don jaka ta ɗauka, an cusa cikin safa. Ta ce ai ɗan'uwa ba ya cuta. Shi ba ya cuta, amma zafin hanya bai san zumunci ba.

Mu masu neman haihuwa ne muka fi sauƙin cuta, saboda a ɓoye muke saye, ba ma so a daɗe ana ganinmu a gaban kanta.

Yanzu a kan kantar nake dubawa. In juya kwalin, in shafa bakinsa da yatsa, in buɗe a gaban mai shago in gwada lamba da lamba, layi yana jira. Ranar nan na waiga sai ga wata 'yar unguwarmu a bayana. Ba ta ce komai ba, ni ma haka. Bayan kwana biyu ta zo shagon ɗinkina, ta jira yara suka fita cin abinci, ta zaro kwali daga cikin hijabi ta ce, "Yaya, duba mini nawa."