Sai da na rage gudun intanet ɗina kafin murya ta daina yankewa

Har yanzu in na tuna kuɗin da na zuba wajen ƙara data da sayen sabuwar rauta (akwatin da ke raba Wi-Fi a gida) sai raina ya ɓaci, domin ashe ba a nan gizo ke saƙar ba.

Ina yawan magana ta WhatsApp da masu turo mini kaya daga Dubai. Ni ina jin su raɗau, su kuwa kullum "Alhaji, muryarka na yankewa." Wannan bambancin shi ne alamar: matsalar tana wajen turawa, ba wajen saukewa ba. Kiran murya ko kilobit 100 a daƙiƙa bai cika ci ba, to wace ƙarin data kuma? Jinkiri ne ke kashe shi. Ƙa'idar hukumar sadarwa ta duniya (ITU) mai lamba G.114 ta ce kada jinkirin tafiya ɗaya ya wuce milisakan 150 (milisakan dubu ne daƙiƙa guda). Ni kuwa da wayar uwargida ta fara tura hotuna Google Photos, ko yara suka ɗora bidiyo a sitatus, sai awon ping, wato lokacin da saƙo ke ɗauka ya je ya dawo, ya haura daƙiƙa guda. Muryata ta zama Keke Napep a bayan tirela kan siririn titi. Masana na kiran abin bufferbloat: modem, na'urar da ke haɗa gida da kamfanin sadarwa, ya tara bayanai cikin dogon layi maimakon ya zubar da wasu.

Na kunna QoS, tsarin fifita wata na'ura kan wata da ya zo da sabuwar rautar, na ɗora wayata a sahun gaba. Shiru kake ji. Layin ba a cikin rautar yake taruwa ba, yana can cikin modem, inda umarnina ba ya isa. Alamar fifiko ta DSCP 46 da ake sa wa bayanan murya ma, kamfanonin sadarwa da dama goge ta suke yi a hanya. Akwati mai tsada, eriya cako-cako, duk a banza.

Abin da ya yi magani tsohuwar rautar da na ajiye ce. Na sa mata manhajar rauta mai suna OpenWrt, na kunna SQM mai hana layin bayanai taruwa, da tsarinsa na CAKE, na ƙayyade gudu zuwa kusan kashi 85 cikin 100 na abin da kamfanin sadarwa ke bayarwa. Da gangan za ka rage, don cunkoson ya dawo cikin rautarka inda za ta iya raba shi da adalci.

In 4G kake amfani da shi, kada ka auna gudun da asuba. Bayan Magariba unguwa duk ta hau intanet, gudun ya faɗi ƙasa da iyakar da ka sa, SQM ya tashi daga aiki. Auna a lokacin, ka ɗauki mafi ƙanƙanta. Yara sun yi ƙorafin saukar da fim ya ɗan ja baya da safe. Na ce su yi haƙuri, sabuwar rautar ma ina neman mai saye.