Abin da kiwon maraƙi ɗaya ya koya mini a Garwa

Gidanmu a unguwar Yelwa ta Garwa babban gida ne, kuma shekara da shekaru hanyar da muke samun nama mai yawa ita ce watanda: mu haɗa kuɗi da maƙwabta, a sayi sa, a yanka, a kasa, kowa ya ɗauki kasonsa. Na daɗe ina ganin cewa idan na sayi maraƙi tun yana ƙarami na ɗaure shi a turke a bayan gida, zan fitar da iyalina daga wannan jira, kuma naman zai zo mini da araha. Na yi hakan, na kai shi har ranar yanka bayan kusan shekara biyu, amma lissafin da na shiga da shi ya sha bamban da wanda na fita da shi.

Kuskurena na farko shi ne na sayi dabbar kafin in tanadi abincinta. A watan Fabrairu na tafi karar Adumri, wadda tana cikin manyan kasuwannin shanu na wannan yanki, domin an gaya mini a lokacin makiyaya suna rage garke kuma farashi yana sauka. Gaskiya ne yana sauka, sai dai ban tambayi kaina dalilin saukarsa ba. Makiyayi yana sayarwa a wannan lokaci ne domin ya san abin da ke tafe: ciyawa ta bushe, an cinye karan gonaki, kuma daga Maris zuwa Afrilu zafin Garwa yakan haura digiri 40, ruwan sama kuwa sai wajen Mayu. Wato na karɓi nauyin da mai garke ya sauke daga kansa, a daidai lokacin da damin harawa ya fi tsada a duk shekara. Na dawo gida da jan maraƙi wanda ba a daɗe da yaye shi ba, alhali ba ni da ko dami ɗaya a kan rumfa.

Maƙwabcinmu, wani dattijo Bafulatani da ya tashi a ruga kafin ya zauna cikin gari, shi ne ya leƙo ya ga halin da nake ciki. Ya zagaya maraƙin, ya buɗe bakinsa ya duba haƙora, ya shafa haƙarƙarinsa, sannan ya tambaye ni: "Ɗana, ina abincinsa na wata huɗu masu zuwa?" Na ce, "Baffa, zan riƙa saye a kasuwa kaɗan-kaɗan." Ya girgiza kai, ya ce mai turke tun da kaka yake fara kiwo, lokacin da ake tuge gyaɗa ana roron wake, domin a sannan ne manomi yake sayar da harawa da rahusa, wani ma ya bar maka karan dawa kyauta idan za ka kwashe. Ranin farko kuwa na sha wuya ƙwarai. Abin da na kashe wajen sayen harawa a watannin nan ya cinye duk rangwamen da na samu a kara, har ya ɗora.

Darasin da ya fi tsaya mini a rai ya shafi cikin dabbar ne, kuma da kyar na tsira da ita kafin in fahimce shi. Arewacin Kamaru ƙasar auduga ce, kamfanin SODECOTON yana da hedikwatarsa a nan Garwa, saboda haka ƙulin auduga, wanda muke kira turto, shi ne abin da kowane mai turke yake dogara da shi wajen sa dabba ta yi nama. Da na ga maraƙin yana ramewa, sai na sayo buhun turto da buhun dusar masara, na cika masa kwano safe da yamma, ina tsammanin yawan abinci mai ƙarfi shi ne maganin rama. Kwana uku ba su cika ba ya daina tuƙa, zawo ya kama shi, gefen hagun cikinsa ya kumbura ya yi tauri kamar ganga. Likitan dabbobin da na kira cikin dare ya ɗura masa magani, ya hana a ba shi komai sai busasshiyar ciyawa da ruwa, kuma bayan dabbar ta lafa ya zaunar da ni ya yi mini bayanin da ban taɓa ji ba. Cikin saniya ɗaki huɗu ne, kuma a babban ɗakin, wato tumbi, akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani, su ne suke narkar da ciyawa. Idan aka sauya abinci farat ɗaya, musamman daga ciyawa zuwa dusa ko hatsi, sai tsami ya yi yawa a tumbin, waɗannan halittu su mutu, narkewa ta tsaya. Saboda haka ana fara sabon abinci ne da tafin hannu ɗaya, ana ƙarawa sannu a hankali cikin mako biyu ko uku, kuma ciyawa ita ce tushe a kullum, turto da dusa ƙari ne kawai. Ya kuma gargaɗe ni cewa ɗan maraƙin da yake kan nono, wanda tumbinsa bai gama ƙwari ba, ba a cika masa turto, domin akwai wani sinadari a ƙwayar auduga da yake yi wa irinsa lahani. Tun daga ranar na ɗauki al'adar tsayawa a bakin turke bayan sallar asuba in duba abu uku: ko yana tuƙa, ko hancinsa da danshi, da kuma yanayin kashinsa. Dabba ba ta faɗin ciwonta, amma waɗannan ukun ba su cika ɓoye shi ba.

Ruwa da kanwa ba su ba ni wahalar fahimta ba, sai dai wahalar ɗauka. A tsakiyar bazara sa mai tasowa yana iya shanye jarka biyu masu cin lita 20 a yini, kuma duk ranar da famfo ya ƙafe sai yara sun nemo.

Batun lafiya kuwa na koyi cewa rigakafi ya fi araha nesa ba kusa ba. Muna da sa'a a Garwa, domin cibiyar LANAVET da ke Bokle, a gefen gari, tana haɗa alluran rigakafin cututtukan dabbobi, kuma ma'aikatan kiwo suna zagayawa da su. Na sa an yi masa rigakafin ciwon huhu da na harbin daji, na riƙa ba shi maganin tsutsa a farkon damina da ƙarshenta, ina cire masa kaska daga kunne da ƙasan wutsiya. Baffa ya hana ni yanko ciyawa daga fadamun bakin Binuwai in ba shi ɗanya, saboda a irin wuraren nan masu ruwa kwance shanu suke ɗaukar tsutsar hanta. Shi ne kuma ya ba ni shawarar a yi masa fiɗiya da wuri, domin bijimi a cikin gida mai yara haɗari ne, kuma fiɗiyayye ya fi natsuwa da tara kitse. Wani abin da nake ganin masu kiwo da yawa suna sakaci da shi, kuma ya kamata a faɗe shi a fili tunda iyali ne za su ci, shi ne cewa kowace allura ko magani tana da kwanakin da aka rubuta a jikin kwalba waɗanda dole a jira kafin a yanka dabbar. Wanda ya yi wa sa allura yau ya yanka gobe, maganin ya ciyar da 'ya'yansa.

A kaka ta farko na gyara kuskurena. Na bi ƙauyukan hanyar Pitowa na sayi harawar wake da ta gyaɗa, na jibge su a kan rumfa inda rana da gara ba za su ɓata su ba, kuma rani na biyu ya wuce ba tare da na je kasuwa neman dami ko sau ɗaya ba. Takin da ya taru a turken na kai gonar ƙanena, wanda ya biya ni da karan dawa.

Da farko niyyata in yi layya da shi, amma limaminmu ya tunatar da ni cewa a mazhabar Malikiyya sa ba ya isa layya sai ya cika shekara uku ya shiga ta huɗu, nawa kuwa bai kai ba. Sai muka tsayar da yanka a lokacin sanyi, cikin watan Janairu, domin iskar hunturu tana busar da nama da sauri kuma ƙuda ya ragu. A nan ma akwai abin da ban shirya masa ba. Mahaucin da ya zo ya riga ya gaya mini cewa idan aka cire fata da kai da ƙafafu da kayan ciki, abin da zai rage kusan rabin nauyin dabbar ne, kuma a cikin rabin nan akwai ƙashi. Duk da haka naman ya fi ƙarfin firijin gidanmu, kuma ba a dogara da wutar lantarki wajen ajiye abin da aka yi shekara biyu ana wahala a kansa. Matan gida suka kwana biyu suna aiki: aka soya wani aka nutsar da shi cikin kitsensa, aka yi dambu, aka yanyana tsokar cinya aka kai wa mai kilishi, aka yi bandar ƙasusuwa domin miya.

Da na zauna na haɗa kuɗin saye da na harawa da turto da magani da ladan mahauci, sai na ga bambancinsa da watanda bai taka kara ya karya ba, kuma da na tanadi abinci tun a shekarar farko da ribar ta fi haka bayyana. Abin da na samu wanda kasuwa ba ta sayarwa shi ne sanin duk abin da ya shiga cikin wannan dabba tun daga ranar da ta shigo gidana. Yaran da suka saba kai masa ruwa sun yi jugum ranar yankan, ƙaramarsu ta ƙi fitowa daga ɗaki, kuma ban tilasta mata ba. Na dai bayyana musu tun da wuri cewa domin wannan rana aka kawo shi, kuma haƙƙinsa a kanmu shi ne ƙoshi da inuwa da wuƙa mai kaifi. Cinya guda na aika wa Baffa da hannun babban ɗana. Da yamma ya shigo ya yi godiya, ya ɗaga kai ya dubi sauran harawar da ke kan rumfa, ya ce za ta iya riƙe wani maraƙin har faɗuwar ruwa idan na saya cikin watan nan.