Hawa uku a bututu ɗaya: ciro RNA da TRIzol

Duk tsadar na'urar karanta ƙwayoyin halitta, abin da aka zuba mata shi za ta karanta. In RNA, wato kwafin saƙon da DNA ke ɗauke da shi, ya ruɓe tun a kan teburin aiki, sakamakon zai nuna ɓarnar da aka yi wa samfurin ne.

Hanyar da Chomczynski da Sacchi suka wallafa a 1987 ita ce tushen TRIzol, ruwan sinadarin da ake ciro RNA da shi. Ana niƙa miligiram 50 zuwa 100 na tsoka a mililita 1 na ruwan. Kada a yi haɗama: tsoka in ta yi yawa, DNA na kutsawa cikin RNA. Sai a ƙara mililita 0.2 na kulorofom, a girgiza da ƙarfi na daƙiƙa 15, a bari ya huta minti 3, a juya a santirifuj, wato na'urar juya bututu da gudu, a ƙarfin juyi 12,000 g na minti 15 a digiri 4.

Bututun zai fito hawa uku. Sama ruwa ne garau mai RNA, tsakiya wani farin yaɗi siriri mai DNA, ƙasa ja mai furotin. Nan ne hannu ke cin amana. A karkata bututun, a tsotse na sama a hankali, a bar ɗan kaɗan a kan farin yaɗin. Gara a yi asarar 'yan ɗigo da bakin fifet, wato abin tsotsar ruwan, ya taɓa farin yaɗin. Jan ruwan kuma kada a zubar, ana iya ciro furotin daga cikinsa.

Saura a zuba aisofurofanol mililita 0.5 a ruwan saman da aka tsotse, a sake juyawa RNA ya taru ƙulli a gindin bututu, sannan wanki da itanol kashi 75. A shanya ƙullin minti 5 zuwa 10 kawai. In ya bushe ƙarau, narkewa sai an sha wahala.

A NanoDrop, na'urar da ke auna RNA da haske, ana duba lambobin tsabta biyu, 260/280 da 260/230. Ana so 260/280 ya kusanci 2.0. In 260/230 ya faɗi ƙasa sosai, gishirin guwanidin ko finol ya saura, a sake wanki. Amma waɗannan lambobi tsabta kawai suke nunawa. Ruɓaɓɓen RNA ma yana ba da 2.0, sai lambar RIN ta na'urar Bioanalyzer, mai nuna ko RNA ya kakkarye, ke tona shi, kuma akasari 7 zuwa sama ake nema.

Inda wuta ke yawan ɗaukewa, RNAlater, ruwan gishiri mai hana RNA ruɓewa, na riƙe tsoka mako guda a digiri 25, kwana ɗaya kacal a 37. Gishirinsa na dagula awon ƙananan sinadaran jiki, don haka yankin tsokar da za a yi wannan awon da shi a jefa shi ruwan naitirojin nan take.