Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Kwanon Auta

Makon jiya na tsaya a sunan ɗana Auta. Ku yi haƙuri, zan tsallake zuwa shekararsa ta 4, don maganar ce ta hana ni barci.

Da damina abin ya fara. Bororo masu ruwa suka feso masa a ƙasan cibiya da cinyoyi, sababbi suna kewaye tsofaffi kamar an jera duwatsun wuya. Ga ƙaiƙayi. Hajiya ta ce ƙarambau ne. Da aka yi wata biyu bai tafi ba, sai ta sauya baki: "Mu dai a zuri'armu babu wannan." A gaban facalata ta faɗa. Ni kuwa ina ta rufe yaro da manyan riguna, har Inna ta zo ta ce, "Ke, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kai shi asibiti."

A asibitin koyarwa aka yanki ɗan fatarsa aka kai gwaji. Likitar ta ce garkuwar jikinsa ce take kai wa mahaɗar fatar sama da ta ƙasa hari. Wai a yara galibi nau'i ɗaya na sinadarin garkuwar jiki ake gani, IgA, amma nasa har da wani nau'in, IgG, ciwo biyu sun haɗe. Ba a ɗaukarsa a kwano ko a shimfiɗa. Sau biyu na sa ta maimaita wannan, don in kai gida.

Sai da suka duba G6PD, wani sinadari mai kare ƙwayoyin jini, a jininsa kafin su ba shi maganin dapsone, don akwai waɗanda yake farfasa wa jini. Wani maganin kuma, prednisolone, ya kumbura masa kumatu, mutane suna cewa ya yi ƙiba.

Dapsone ɗin ne ya ja mini. Facalata ta kai kwalin wani kemis, aka ce mata ana ba kutare shi. Gaskiya ne, ana ba su. Kafin magariba an ware wa ɗana kwano.

Bara da aka zo neman aure wa 'yar facalar, ni aka ce in rufa asirin farfaɗiyarta. Na rufa. Cibin wasu kam ana ɓoyewa, Inna.

Kafin ya shiga sakandare bororon sun daina fitowa, sai ɗan tabo. Hajiya har ta rasu, Allah ya jiƙanta, ba ta janye maganarta ba. Kwanon yana cikin akwatina, ɗan kore ne mai murfi. Mako mai zuwa zan koma kan zaman Zariya.