Shanyewar ɓarin jiki daga ƙwaƙwalwa take farawa

A duk lokacin da aka ce wani ya samu shanyewar ɓarin jiki a unguwanninmu na Legas, ko a Agege ne ko a Idi-Araba ko a Mile 12, abin da ido yake fara sauka a kansa shi ne hannun da ya saki da ƙafar da ta kasa ɗaukar mai ita. Nan da nan za a kawo man zaitun da habbatus sauda a shiga murza, wani ya ce iska ce ta buge shi, wani ya ce sanyi ne ya kama jijiya. Alhali kuwa a wannan sa'ar babu abin da ya samu tsokar hannun, ɓarnar tana can cikin ƙoƙon kai. Idan taransifoma ta ƙone a layinku, sauya ƙwan fitila ba zai dawo da wuta ba. Na daɗe ina ganin wannan rashin fahimta yana jawo mana asarar rayuka da naƙasar da za a iya rage ta.

Ƙwaƙwalwar babban mutum nauyinta bai wuce kilo 1.4 ba, wato kusan kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki, amma a cikinta akwai ƙwayoyin saƙo kimanin biliyan 86. Kowace ƙwaya tana da rassa masu karɓar saƙo da kuma dogon zare guda mai aika shi. Saƙon yana bin zaren ne a matsayin ɗan motsin lantarki, idan ya kai ƙarshe sai ƙwayar ta saki wani sinadari wanda zai tsallake ɗan gurbin da ke tsakaninta da ta gaba. A jijiyoyi mafiya sauri saƙon yana iya cin mita 100 ko fiye a daƙiƙa ɗaya, shi ya sa mutum ba ya jin wata tazara tsakanin niyyarsa ta ɗaga kofi da ɗagawar. Daga ƙwaƙwalwa umarni yake gangarowa ta lakar da ke cikin ƙashin baya, wadda jijiyoyi 31 suke fita daga kowane gefenta zuwa gaɓoɓi, ta nan kuma labarin zafi da sanyi da taɓawa yake komawa sama.

Abin da ya fi ɗaure wa mutane kai shi ne yadda hanyoyin nan suke giciye. A gindin ƙwaƙwalwa, dab da inda take haɗuwa da laka, yawancin zaren da ke ɗauke da umarnin motsi suna tsallakawa zuwa ɗaya gefen, don haka ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa ne yake sarrafa daman jiki, na dama kuma yake sarrafa hagu. A wurin mafi yawan mutane cibiyar magana tana ɓangaren hagu. A 1861 wani likitan Faransa, Paul Broca, ya duba wani majinyaci da yake fahimtar abin da ake faɗa masa amma ba ya iya furta komai sai gaɓa guda, "tan", kuma bayan rasuwarsa ya samu lahani a gaban ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwarsa. Wannan ne dalilin da ya sa wanda damansa ya shanye sau da yawa maganarsa take sarƙewa tare.

Ƙwaƙwalwa tana cinye kusan kashi 20 cikin 100 na iskar da jini yake rabawa jiki, kuma ba ta da rumbun ajiya. Idan gudan jini ya toshe wata jijiyar jini a cikinta, ko jijiyar ta fashe jini ya malala, ƙwayoyin da ke wannan yanki sukan fara mutuwa cikin 'yan mintoci. Wani ƙiyasi da aka wallafa a Amurka a 2006 ya nuna cewa idan babbar jijiya ce ta toshe, ana rasa ƙwayoyi kusan miliyan 1.9 a kowane minti.

Na ga wannan da idona a wurin mai shayi, bayan sallar asuba. Wani dattijo dillalin shanu yana cikin ba da labarin farashi sai kofi ya suɓuce daga hannunsa na dama, shayi ya zube a kan rigarsa. Ya sunkuya zai ɗauka, yatsun suka ƙi kamawa, gefen bakinsa ya zazzago, yawu yana bin haɓarsa. Ɗan ƙanensa ya riƙe shi yana cewa, "Baffa, me ya same ka? Baffa, yi magana mana." Idonsa na kan yaron, a fili yake yana gane shi, amma abin da ke fita daga bakinsa ba ya haɗuwa ya zama kalma. Aka kai shi ɗaki aka yi ta shafa da tofi har la'asar, kuma duk wanda ya yi hakan da zuciya ɗaya ya yi, don ƙaunarsa. Sai washegari aka nufi asibiti.

Addu'a ba ta hana tafiya asibiti, ana iya yin ta a cikin mota. Alamomin kuma ba su da wuyar ganewa: a ce wa mutum ya yi murmushi a ga ko baki ya karkace, ya ɗaga hannuwa biyu a ga ko ɗaya yana faɗuwa, ya maimaita gajeriyar magana a ji ko ta fita daidai. Ko ɗaya aka gani, a lura da ƙarfe nawa abin ya fara, domin maganin da ke narkar da gudan jini ana ba da shi ne cikin awa huɗu da rabi na farko, kuma sai an ɗauki hoton ƙwaƙwalwa an tabbatar toshewa ce, tunda idan fashewa ce maganin zai ƙara zubar jinin. Saboda wannan dalilin ne bai kamata a ba shi asfirin a gida ba. Kada kuma a ɗura masa ruwa ko koko ko rubutu, domin haɗiya ma ƙwaƙwalwa ce take sarrafa ta, abin da aka ba shi yana iya bi ta hanyar numfashi ya sauka a huhu. A gari irin Legas, inda cunkoso kaɗai zai iya cinye awa biyu, babu sauran lokacin shawara. Akwai lambobin gaggawa na 112 da 767, akwai asibitin koyarwa na LUTH a Idi-Araba, tsakiyar jama'armu, akwai kuma asibitin koyarwa na LASUTH a Ikeja, wanda ba shi da nisa da Agege. Ko da alamun sun wuce cikin 'yan mintoci mutum ya dawo daidai, a je a ranar, domin sau da yawa gargaɗi ne na babban da ke tafe.

Tushen matsalar a wurinmu hawan jini ne. Binciken SIREN da aka gudanar a asibitocin Najeriya da Ghana, har da na Kano da Zariya, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Mayowa Owolabi na Jami'ar Ibadan, ya nuna a 2018 cewa hawan jini ne kan gaba nesa ba kusa ba cikin abubuwan da ke jawo cutar, kuma kusan ɗaya cikin uku na majinyatan fashewar jijiya ce ta same su. Hawan jini yakan shekara yana cin jijiyoyi ba tare da ko ciwon kai ba, shi ya sa ɗan kasuwar da yake jin ƙarfinsa ba ya ganin dalilin awo. Awon da yake tsayawa a 140 bisa 90 ko sama yana buƙatar ganin likita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin yini ya kai giram 5, kusan ƙaramin cokali ɗaya, kuma dunƙulen da ake jefawa a miya da yajin tsire duk suna cikin lissafin. Abin da ya fi damuna shi ne masu daina shan magani da zarar awo ya sauka, alhali maganin ne ya saukar da shi.

Ƙwayoyin da suka mutu ba sa dawowa, amma na kusa da su suna iya ƙulla sababbin hanyoyi su karɓi wani sashe na aikin, kuma maimaita motsi ne yake koya musu. Mafi yawan sauƙin da ake samu yana zuwa ne a watannin farko, don haka a fara zuwa wurin ma'aikatan asibiti masu gashin ƙashi da motsa jiki da wuri. A gida kuma a bar majinyaci ya gwada riƙe cokali da ɓalle maɓallin rigarsa da kansa ko da zai ɗauki lokaci, a riƙa yi masa magana ana jiran amsarsa, kuma a ci gaba da ba shi maganin hawan jini kullum, domin wanda abin ya taɓa samu ya fi kowa haɗarin sake samu.