Asabar ɗin da muka yashe kwalbatin layinmu

Ana sallame sallar asuba Liman ya juyo ya ce kowa ya je ya ɗauko abin da yake da shi, shebur ko manjagara ko baro, a haɗu a bakin kwalbati. Tun jiya bayan Juma'a aka yi shela, amma ban zaci za a fito haka ba. Har malamin makarantar allo ya turo manyan almajiransa da buhuna. Shagon ɗinkina yana kallon wurin, ni na fi kowa shan warin, don haka ban buɗe ba yau.

Hadari ya fara haɗuwa da yamma kwanakin nan, shi ya sa muka yi gaggawa. Bara a watan Agusta ruwa ya rasa hanya, ya juyo ya shiga gidajen ƙasan layi, katangar wani gida ta zube. Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba.

Da samari suka ɗaga murfin siminti, abin da ke ciki ya ɗaure kamar an daɓe shi. Ledar fiya wata ce ta fi yawa, sai baƙar leda, robobin lemo, kunzugun jarirai, tsumma, takalmi ƙafa ɗaya. Wani yaro ya zura manjagara ya jawo mushen akuya, kowa ya ja baya yana toshe hanci. A ƙarƙashi kuwa baƙin taɓo ne mai kauri, tsutsar sauro na wutsil-wutsil a ruwan da ya kwanta. Na tsaya ina kallo, raina ya ɓaci. Duk abin da ya tsallake wannan kwalbati a Tudun Wadar Zariya, rafin Kubanni zai gangara, daga can ya faɗa kogin Galma. A bakin Kubannin nan ake noman latas da alayyafon da muke saye mu ci. Kuma ba mu manta amai da gudawa na 2021 ba.

Wajen ƙarfe goma mata suka aiko da koko da ƙosai. Wani dattijo da ya kasa riƙe shebur ya zauna yana ba mu labarin duba-gari, yadda a da suke shiga gida su leƙa randa da makewayi, wanda aka samu da ƙazanta a ci shi tara. Ya kawo zancen yaƙi da rashin ɗa'a na Buhari da Idiagbon a 1984, ya ce tsoro ne kawai maganinmu. Samari suka goyi bayansa: a kafa allo, a sa 'yan sintiri, duk yaron da aka kama da bokitin shara cikin dare a kai shi wurin mai unguwa.

Sai Goggo ta gidan da ke kusurwa ta leƙo daga zaure ta kira ni. "Ɗan nan, sannunku da aiki. To kun kwashe, kun kuma hana. Ni tawa sharar ina zan kai?" Na ce, "Goggo, za a duba." Ta ce, "A duba kafin magariba, don bokitina ya cika."

Maganarta ce ta tsaya mini har yanzu. Yaron da ake aikowa da shara ba don mugunta yake zubawa a kwata ba, uwarsa ba ta da wani wuri ne. An sha rubuta "An hana zuba shara a nan" a bangon nan, a gindin rubutun ake tara bola. Na kai maganar gaban mai unguwa, na ce, "Ranka ya daɗe, idan ba a buɗe wa mutane wata ƙofa ba, sati biyu ya yi yawa mu dawo gidan jiya."

An ɗan ja, amma an tsaya a kan abu. Kowane gida zai ba da naira 200 a sati, a ɗauki samari biyu masu baro su riƙa bi gida-gida. Toka da sharar tsakar gida da kashin awaki a ware su daban, domin manoma na neman su a matsayin taki kafin shuka, leda ce ke sa su guje wa bolarmu. Roba da gwangwani kuma 'yan gwangwan suna saye a kilo. Za a rubuta wa ƙaramar hukuma da KEPA, hukumar kare muhalli ta jihar Kaduna, a nemi babban mazubi a bakin titi.

Mota ɗaya muka iya ɗauka haya, ragowar tarin yana nan a gefen hanya, kuma idan ruwa ya sauka daren nan rabinsa zai koma ciki. An damƙa mini littafin karɓar kuɗi. Gobe bayan la'asar zan fara bin gidaje.