Kuɗin kabu-kabu da ban saka a lissafi ba

Da ɗiyata ta gama CM2, ajin ƙarshe na firamare, na kwashe watan Satumba ina zagaya makarantun Damagaram da takarda da bik a hannu, kamar mai neman gidan haya. Uku na tsayar a raina: CEG, wato kolejin gwamnati da aka tura ta, wadda ba ta da nisa da gidanmu a Karkada, wata Franco-Arabe da mahaifiyarta take so saboda Larabci da karatun addini, sai wata mai zaman kanta can ɗaya gefen gari, mai sabon fenti, an manna sakamakon BEPC, jarrabawar gama koleji, a bakin ƙofa.

Tambayoyi kam na yi su. Na tambayi yawan yara a aji, na leƙa in ga ko tebura ne ko tabarma, ko ajin gini ne ko rumfar zana, na kuma bincika ko mushen lissafi, wato malamin, nasu ne na dindindin ko kuwa na gwamnati ne da ke zuwa idan ya samu sarari. CEG ta faɗi a idona saboda cunkoso, Franco-Arabe kuwa na ji tsoron kada Faransancin yarinyar ya yi rauni alhali shekara huɗu ne kawai tsakaninta da BEPC. Na zaɓi mai fentin, na biya jika 75 (sefa dubu 75) na shekara a tashi ɗaya don a ce na yi abin kai, na ɗinka mata kayan makaranta kala biyu.

Abin da ban tambaya ba shi ne hanya, domin duk zuwan da na yi a kan babur ɗina na yi shi, da hantsi, lokacin hutu. Ni kuma ƙarfe bakwai nake buɗe shago, ba zan iya kai ta in ɗauko ta ba. Sai muka yi jinga da wani ɗan kabu-kabu a kan dala ɗari (sefa 500) kullum, zuwa da dawowa. Dala ɗari ba ta tsorata mutum sai ya ninka ta: jika 11 a wata, kusan jika 100 a wata tara, wato hanya ta fi karatun tsada. Yayana ya ja mini kunne tun ranar da na nuna masa rasit, ya ce: "Kai ka je makarantar, ba ita ba. Ka taka da ƙafa ka gani." Na ce masa, "Yaya, ai ba wani nisa ba ne." Har yau idan na tuna wannan amsa sai kunya ta kama ni.

Kuɗin ma da sauƙi. Duk ɗan Damagaram ya san sha'anin ruwa a garin nan. Ranar da famfo ya zo cikin dare, gidan gaba ɗaya ake tashi a cika jarkoki, yarinya ta kwana rabi da rabi, ga makarantar allo da asuba, ga ɗan kabu-kabun da yau ya zo gobe ya ce babur ya lalace. Tana isa an rufe ƙofa, darasin farko ya wuce. A firamare malami ɗaya ne ya san ta, yana jiranta. A koleji kowane darasi da malaminsa, yana karantowa ana rubutawa, ga Turanci da aka fara sabo, wanda ya makara sai dai ya ari kaye, wato littafin rubutun wani. Na shirya mata littattafai da jaka, ban shirya mata safiya ba. Sakamakon farko ya fito da 8 bisa 20, yarinyar da ba ta taɓa sauka ƙasa da na biyar a ajinta ba.

Ranar da ta ce mini, "Baba, ni dai gajiya nake yi," na je wurin direkta neman ragowar kuɗina. Ya karɓe ni da mutunci, ya nuna mini layin da na sa wa hannu ban karanta ba, inda aka ce abin da aka biya ba ya dawowa.

Da ƙyar da kai da kawo na samu aka mayar da ita CEG ɗin da na raina. Ajin cike yake, ban musa ba, amma minti goma ne a ƙafa tare da 'yan matan maƙwabta, kuma rabin kuɗin kabu-kabun yanzu yana zuwa ga wani ɗalibin Jami'ar André Salifou da ke yi mata bitar lissafi da Faransanci sau uku a mako bayan la'asar. Ta haura 11. Kayan makarantar nan kala biyu suna nan cikin akwati, mahaifiyarta ta hana a bayar, wai in riƙa ganinsu kafin ƙanenta ya gama CM2.